Kaduna Na Da Fili, Amma Ɗakin Haya Ya Gagari Mai Albashi

Duk wanda ya je wurin dillalin gidaje a Kaduna yana neman haya, ba maganar kuɗi ake fara yi masa ba. Dillali zai dube shi, ya ji sunansa, sannan ya ce, "Malam, wane gefe kake so? Kana da iyali? A ina kake aiki?" Sai an gama da waɗannan ake zuwa kan farashi. Amsar tambayoyin nan ita ke yanke wa mutum iyakar unguwannin da zai nema a cikinsu, kuma idan an gama yankewa, abin da ke saura bai kai rabin abin da taswirar garin take nunawa ba.

Bayanin da ya fi yawo a majalisu da shafukan sada zumunta kan tsadar haya shi ne masu gidaje sun cire tausayi, dillalai kuma suna zuga su. Akwai gaskiya a ciki, zan kuma zo kanta. Amma mai gidan yau ai shi ne na shekara goma da suka wuce, wanda yake haƙuri ɗan haya ya biya shi kashi-kashi don gudun kada ɗaki ya yi watanni a rufe. Abin da ya canja shi ne yanzu tun wanda ke ciki bai gama kwashe kaya ba, masu nema sun riga sun bar lambar waya. To daga ina suka fito, kuma me ya hana a gina musu?

Kaduna tun asali garin 'yan haya ce. Ba ta da tsohon birni mai ganuwa da gidajen gado na kaka da kakanni irin na Kano ko Zariya ko Katsina. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a ƙasar noman Gbagyi, suka dawo da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917. Aiki ne ya tara mata jama'a: layin dogo, barikin soja, ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa, sannan masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Babban ma'aikaci gwamnati ce ke ba shi gida. Ƙaramin ma'aikaci da lebura kuwa sai gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki na kowa da kowa. Irin waɗannan gidaje ne suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Tudun Wada da Kawo, kuma a cikinsu za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Banufe da Ibo suna shanya kaya a igiya ɗaya.

Rikicin Shari'a na watan Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, su suka wargaza wannan zama. Galibin Musulmi suka tattara a arewa da yammacin kogin Kaduna, galibin Kirista suka koma kudu. Wasu sun yi musanyar gida da gida, wasu sun sayar a faɗuwa, wasu ko tsinke ba su fita da shi ba. An yi magana mai yawa a kan ɓarnar da wannan rabuwa ta yi wa zumunci da amana, kuma ta cancanci a yi. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne kuɗin da take ci daga aljihun ɗan haya duk shekara.

A garin da yake dunƙule, idan haya ta yi tsada a wata unguwa sai mutane su matsa wata, wannan matsawar ce ke taka wa masu gidaje burki. A Kaduna an datse wannan hanya. Ɗakin da yake a buɗe a Sabon Tasha ko Narayi bai rage wa mai nema a Unguwar Dosa ko Badarawa komai ba, haka wanda yake a buɗe a Rigasa ba shi da amfani ga mai nema a unguwar Television. Mutum zai iya yin aiki a kudu da rana, ya ci kasuwa a can, yana da abokai a can, amma idan maganar kwana da iyali ta zo sai ya tsallaka gada. Kasuwa biyu ke nan a gari ɗaya, kowace da nata ƙarancin. 'Yan wuraren da har yanzu ake cakuɗe, irin su Barnawa da sassan masu hali na Unguwar Rimi da Malali, ɓangarorin biyu ne ke tayawa a cikinsu, shi ya sa farashinsu bai taɓa zama na talaka ba.

Duk da haka, shekaru da yawa garin yana da wurin numfashi, wato bayan gari. Manomi ko magadansa su yanka gona awon igiya, mai unguwa ya sa hannu, ma'aikaci ya sayi fuloti da kuɗin adashe. Bana ya tara bulo, baɗi ya yi tushe, wata shekarar ya rufa ɗaki biyu ya tare ko filasta babu. Haka Rigasa ta tashi ta zama gari cikin gari. Haka Hayin Ɗanmani da Rafin Guza da Rigachikun da Mando suka cika. Haka aka tsallaka kogi ta gabas zuwa Danbushiya, inda gwamnatin Namadi Sambo ta fara aikin Millennium City. Ta kudu kuma Gonin Gora da Unguwar Romi da Kamazou da Mahuta da Maraban Rido suka yi ta miƙewa. Duk wanda ya tare a gidansa na bayan gari, ya saki ɗaki a cikin gari, wani sabon ango ya shiga. Wannan jujjuyawar ce ta riƙe kuɗin haya a inda mai ƙaramin albashi zai iya kaiwa, babu wata doka ko hukuma da ta yi wannan aiki.

Sai 'yan bindiga suka matso. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, daf da Mando. A Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield da ke hanyar Abuja. A Yuli aka ɗauke 'yan makarantar Bethel Baptist da ke hanyar Kachia. A Agusta aka kai hari cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA kanta. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Tsakaninsu akwai darare da yawa da aka haura katangar mutum a sabuwar unguwa aka tafi da matarsa da 'ya'yansa, labarin bai wuce masallacin layi ko cocin unguwa ba. Wanda ya ɗora waɗannan wurare a kan taswira zai ga su ne daidai kusurwoyin da garin yake faɗaɗa ta cikinsu.

Jama'a iri biyu wannan masifa ta turo cikin gari, kuma tasirinsu a kan haya ba iri ɗaya ba ne.

Na farko mutanen karkara ne, daga Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Igabi da Chikun da Kajuru, har da na Zamfara da Katsina da Neja. Yawancinsu ba sansanin 'yan gudun hijira suka nufa ba, wurin dangi suka sauka. Gidan da yake da mutum takwas ya wayi gari da ashirin. Idan zaman ya yi tsawo sai a nemi kango. Duk mai yawo a gefen Rigasa ya san irin gidan da nake nufi: gini ya kai linta ya tsaya, an rufa kusurwa ɗaya da tsohon kwano an danne da duwatsu, an toshe taga da buhun siminti, tsohon zani ne ƙofa, murhu na tsakiyar abin da mai gini ya zana a matsayin falo. A da irin wannan kango kyauta ake ba mutum ya zauna ya yi gadi. Yanzu shi ma akwai wuraren da ake karɓar kuɗinsa. Cikin waɗanda suka gudo kuma akwai masu hali, dillalan hatsi da waɗanda suka sayar da shanu, su ba sa tsayawa ciniki. Mutumin da ya taɓa biyan kuɗin fansa, idan aka ce ya biya hayar shekara biyu a layin da zai yi barci har da minshari, ba ya ganin tsada.

Na biyu su ne ba a cika magana a kansu ba, alhali a ganina su suka fi girgiza kasuwar. Su ne mutanen da suka riga suka fita daga haya. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗan kasuwa da ya shafe shekara goma yana gina gidansa a bakin gari, ya tare, ya dasa mangwaro, sannan aka shiga gidan maƙwabcinsa da dare. Washegari ya sa kwaɗo, ya kwaso iyali ya dawo Kinkinau ko Unguwar Sarki ko Barnawa yana neman haya. Kasuwa ta yi asara sau biyu a kansa: gidansa ya fita daga lissafi, shi kuma ya dawo layin masu nema, da albashi a hannu da yara da yawa, yana neman ɗaki uku. Wanda yake ciki da falo a hannunsa tun da daɗewa ba zai iya gogayya da shi ba. A can bakin gari kuwa ga gidaje an gama su tsaf, da tayil da rijiyar burtsatse, ana roƙon wanda zai zauna don kada ɓarayi su cire wayoyi da tagogi. Saboda haka ba daidai ba ne a ce haya ta tashi a ko'ina a Kaduna. Ta tashi a inda mutane suka yarda su kwana, ta faɗi a inda suka gudu.

Tsaron ma da aka dawo nema ba kyauta ba ne. Layi ya sa ƙofar ƙarfe, an ɗauki 'yan sintiri, kowane gida da abin da zai bayar duk wata. Ba a rubuta shi a takardar haya, amma daga aljihu ɗaya yake fita.

Waɗanda suka daure suka zauna a nesa, man fetur ya zo ya same su. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A ɗauka ma'aikaci yana kashe naira 1,500 kullum zuwa da dawowa, keke ya kai shi bakin titi, bas ta kai shi cikin gari. A kwana 22 na aiki ya kashe 33,000, a shekara kusan 400,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. A lissafin nan ba a sa kuɗin kai yara makaranta ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga ɗaki mai tsada kusa da wurin aiki ya fi masa ɗaki mai araha a nesa. Matsalar ita ce dubban mutane ne suka yi lissafin a lokaci guda, suka nufi unguwanni guda.

Akwai kuma kuɗin Abuja. Tun da daɗewa ma'aikata da yawa suna ajiye iyali a Kaduna, su tafi Litinin su dawo Juma'a. Buɗe layin dogo daga Rigasa zuwa Idu da ke Abuja a Yulin 2016 ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, kuma ko a watannin da jirgin ya tsaya bayan harin 2022, har zuwa Disamba, iyalan ba su tashi ba. Duk lokacin da haya ta ƙara tsada a Kubwa ko Gwarinpa, wani ya yanke shawarar mayar da iyali Kaduna. Abin da shi yake gani araha, shi ne abin da ma'aikacin ƙaramar hukuma yake gani ya fi ƙarfinsa, kuma gida ɗaya suke nema.

Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya gyara fuskar Kaduna, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya san cunkoson Kawo kafin sabuwar gada ya san an yi aiki. Amma kwalta tana zuwa da farashinta. Ranar da aka shimfiɗa titi aka sa fitilu a unguwa, ranar mai gida yake sake lissafi. Ɗakunan da ke kallon titi sukan koma shaguna, gida sukutum ya koma makarantar kuɗi ko asibiti ko ofis, domin su sun fi iyali biya. Inda rusau ya bi, idan akwai diyya, mai takarda ake ba. Ɗan haya notis kawai yake samu. A 2017 kuma gwamnatin jiha ta sa gidajen ma'aikata kusan dubu biyu a kasuwa, kamar yadda gwamnatin tarayya ta sayar da nata tun zamanin Obasanjo. Ana iya kare wannan mataki da cewa gidajen sun lalace kuma kula da su ya gagara. Sai dai ma'aikacin da a da gwamnati ke ba shi muhalli, yanzu shi ma yana gaban dillali.

A ƙa'ida idan haya ta yi tsada, masu kuɗi sukan ruga su gina, ƙarancin ya ragu. Me ya hana haka ta faru? Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta kai 1,500 a 2024. A Fabrairun wannan shekarar buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Rodi da kwano da katako da wayar wuta duk sun bi sahu. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. Da irin wannan ruwa ba mai hankalin da zai ci bashin banki ya gina gidan haya, ko da addininsa bai hana shi ba. Gidajen haya a Kaduna dama ba kamfanoni ke gina yawancinsu ba. Ɗan kasuwa ne da ya sami riba, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama ya ce bari ya ajiye abin da zai ci da tsufa. Waɗannan mutane su ne hauhawar farashi ta fi karyawa, sai gine-ginensu suka tsaya a linta.

Ya kamata a yi wa irin wannan mai gida adalci. Tsohon da fanshonsa ba ya kai shi mako biyu, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna shida da marayu, kasuwa ɗaya suke zuwa da ɗan haya, mudun shinkafa ɗaya ake auna musu. Idan ba su ƙara ba, abin da suke karɓa ya zama rabin darajarsa. Amma akwai inda uzurin siminti ba ya shiga. Gidan da aka gina tun zamanin Shagari, rufi na yoyo, masai ya cika, ba a sa masa ko cokalin siminti ba shekara da shekaru, a wayi gari an ninka kuɗinsa ana cewa kayan gini sun yi tsada, wannan cin zali ne. Mai gidan ya yi ne don ya san ɗan hayar ba shi da wurin zuwa.

Ginin da ake yi ɗin ma, duba wa ake yi wa. Wanda ya iya sayen siminti a wannan farashi zai gina abin da zai dawo masa da kuɗinsa: gida mai ɗaki biyu ko uku, kowane ɗaki da banɗakinsa, doguwar katanga, burtsatse da tanki a sama, mita ta kowa daban, wani lokaci har da sola. Ruwan famfo ba abin dogaro ba ne a unguwanni da yawa, don haka gidan da ba sai an jira ɗan ga-ruwa ba farashinsa daban ne. Ɗaki ɗaya ko ciki da falo, wanda shi ne matakin farko na mai gadi da tela da direba da sabon malamin firamare, kusan ba mai gina shi. Wanda ake da shi ma raguwa yake yi. Tsoho ya rasu ya bar gida mai ɗaki goma sha biyar a Tudun Wada, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi. Wanda ya saya ya rushe ya tayar da gidaje huɗu na zamani. Iyali goma sha biyar sun fita, huɗu sun shiga, kuma cikin huɗun da wuya a sami ko ɗaya daga waɗanda suka fita.

Aure ma yana da hannu. A al'adarmu da addininmu muhalli a wuyan miji yake, kuma dangin amarya sukan zo ganin gida kafin jere. Iyaye da yawa yanzu ba sa yarda a kai 'yarsu gidan da za ta bi layin banɗaki ko ta yi girki a tsakar gida da matan mutane. Ban ga laifinsu ba, sutura da tsabta haƙƙi ne. Sai dai hakan na nufin kowane saurayi mai shirin aure yana neman irin gidan da ya fi kowane ƙaranci, kuma nawa ne aka ɗaga ranar aurensu saboda gida kaɗai?

Yanzu ga maganar dillalai da yadda ake biya, inda nan ne ciwon ya fi yi wa mutane zafi. Albashi wata-wata yake zuwa, ribar mai shago kullum-kullum, amma haya ta shekara ake nema dunƙule. A kanta akwai la'ada, galibi kashi goma cikin ɗari, wani wurin da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya ko za a yi ɓarna, da ɗan abin da ake ba yaron da ya zagaya da kai duba gidaje ko an dace ko ba a dace ba. Sau da yawa dillali uku ne a kan gida ɗaya, kowa ya ji daga wani, kowa kuma sai ya ci. Abin da ya fi wannan muni shi ne dillali ba ya samun komai idan tsohon ɗan haya ya sabunta. Cinsa yana ga sabon shiga. Don haka shi ne zai je ya sami mai gida bayan sallar La'asar ya ce, "Alhaji, ai gidan nan naka ya wuce abin da ake ba ka. Ina da mai biya yau ɗin nan." Bayan kwana biyu sai ga notis, wai ɗan mai gida zai yi aure, ko za a yi gyara. A shafa fenti, a sa sabon farashi.

Doka ba ta bar ɗan haya haka kawai ba. A tsarin da aka saba a yawancin jihohin Najeriya, idan ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, mai biyan shekara yana da notis na wata shida, bayansa na kwana bakwai, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire ƙofa ko yaye kwano ko watso kaya waje ba hurumin mai gida ba ne. Mutane da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma ko rasit ba su da shi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɗan hayar da zai shekara bai biya ba, ya fake da jinkirin kotu, ya fita ya bar bashin wuta da fasassun tagogi. Mai gidan da aka taɓa yi wa haka shi ne yake dagewa sai kuɗin shekara a dunƙule, shi ne kuma yake tsaurara zaɓe. Wanda ke biyan wannan bashi ba shi ya ci ba: gwauro, da mai 'ya'ya da yawa, da bazawara ko matar da mijinta ya rasu, wadda za a ce ta kawo namijin da zai tsaya mata kafin a ba ta ɗaki ko da kuɗinta a hannu. Wannan na ƙarshe abin kunya ne a garin da rikici da 'yan bindiga suka mayar da mata da yawa iyayen marayu.

Wasu don gudun wannan wahala sukan koma jingina: ka ba mai gida dunƙulallen kuɗi, ka zauna ba haya, ranar da ya dawo maka da kuɗinka ka tashi. Malamai da yawa suna ƙyamarta saboda bashi ne da ya jawo amfani. Ko an ajiye wannan gefe, kuɗin da aka dawo maka da shi bayan shekara uku ba zai saya maka abin da zai saya ranar da ka bayar ba.

Duk lokacin da kuka ya yi yawa sai a ji ana kiran majalisa ta ƙayyade kuɗin haya. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, amma ba na ganin zai yi aiki. Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma duk wanda ya nemi gida a can ya san yadda ake zagaye ta. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin biyan haya wata-wata a Abuja, bai zama doka ba. Muddin mutum goma na bin ɗaki ɗaya, abin da doka ta hana a rubuta a rasit za a karɓe shi da wani suna, kuma mai nema da kansa zai miƙa. Sabuwar dokar haraji da aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000, a cire daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji. Zai ɗan taimaki mai matsakaicin albashi, zai kuma sa mutane su riƙa neman rasit, wanda alheri ne. Amma tela da ɗan acaba da mai sayar da kayan miya ba su cikin wannan lissafi. Haka asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi dominsa: bashinsa yana da sauƙin ruwa, amma sai da takardar mallaka, kuma mai fulotin awon igiya sai ya bi ta hukumar KADGIS mai kula da takardun filaye a jihar kafin takardarsa ta zama abin da banki zai kalla.

Akwai abubuwan da gwamnatin jiha za ta iya yi ba tare da ta gina ko ɗaki ɗaya ba. Rajistar dillalai da ƙayyade la'ada abu ne mai yiwuwa, domin su ana iya gane su, ba kamar farashi ba. Ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa za su iya biya wa mambobinsu shekara, su riƙa cira wata-wata, abin da wasu ke yi tun tuni da kayan azumi da babura. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, za ta iya sauƙaƙa izini ga wanda zai gina ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, maimakon duk tsari ya karkata ga manyan gidaje. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana su tuna cewa wakafin ɗakuna ga mata masu marayu ba ya ƙasa da sauran ayyukan lada.

Amma babban abin da zai sassauta kasuwar shi ne a dawo da mutumin nan da ya kulle gidansa a bakin gari. Gidan yana nan a gine, ba ya buƙatar buhun siminti ko ɗaya, kuma ranar da ya koma ya saki wanda yake haya a cikin gari. An ga abin da hanya take yi: titin Yakowa da gadarsa sun buɗe yankin Kamazou da kewaye, bas-bas masu amfani da iskar gas da jiha ta fito da su a 2025 sun rage wa waɗanda ke kan layinsu nauyi. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, ya kawo sauƙi a hanyar Birnin Gwari. Sai dai mai iyali ba ya komawa don an yi sanarwa a rediyo. Yana jira ya ga maƙwabcinsa ya koma ya yi damina guda lafiya, ya ga akwai jami'an tsaro da ke kwana a unguwar, ba masu zuwa da safe ɗaukar rahoto ba.

Mutanen karkara kuwa kada a gina lissafi a kan cewa duk za su koma. Dattijo zai so ya koma gonarsa. Ɗansa da ya zo yana shekara goma sha biyu, ya koyi gyaran waya ko tuƙin keke a Rigasa, yanzu yana maganar aure, kuma a Rigasa zai nemi ɗaki.